Kwat ɗin da Asu Ya Ci

Mai Guga ne ya fara ganin ɓarnar. Shi kuwa bakinsa ba ya ajiye magana, don haka kafin rana ta yi zafi duk layin ya ji cewa an kashe kwat ɗin marigayi a shagon Babban Tela.

Kwat ne na ulu, mai ruwan toka, mai nauyi. Wata malamar makaranta ce ta kawo shi jiya da yamma, a rungume, ta ce na mahaifinta ne, shi kaɗai ya rage mata cikin kayansa, ga shi asu ya yi masa 'yan ramuka a baya. Ta miƙa wa Mai Faci, baƙon telan da ke zama a bakin taga. Shi wannan ba ya yanka yadi, ba ya ɗinka sabo. Aikinsa kawai ya cike rami da zare a kan keke, har mai kaya ya nemi inda ramin yake ya rasa. To da safe sai aka tarar da kwat ɗin shimfiɗe a kan kekensa, allura na tsaye a ciki, bayan ya tattare, zare ya cukurkuɗe, ramukan da ba su fi kan ashana ba sun haɗe sun zama yaga mai cin yatsu uku.

Mai Faci ya rantse bai taɓa shi ba, a rataye ya bar shi. Babu wanda ya saurare shi. Keke nasa ne, ƙafar keken da ake irin wannan ɗinki da ita, wato ɗan ƙarfen da ke danne yadi, tasa ce, kuma duk layin babu mai irinta. Babban Tela ya fitar da shi waje ya zaunar da shi a benci, ya ce kada ya sake matsawa kusa da kwat ɗin. Da la'asar Malama za ta zo, kuma a gabanta zai kwashe kekensa ya san inda dare ya yi masa. Telan da aka kora a kan kayan mamaci kuwa, ko maɓalli ba wanda zai ƙara ba shi ya ɗinka a layin nan.

*

Mai Sawu yana ƙofar gida yana shan iska, sai ga matarsa ta taho da sauri, mayafi a hannu, tana haki.

"Baban yara, tashi. Za su cuci bawan Allahn nan."

"Wane bawan Allah?" in ji shi, alhali ya sani.

A zamanin ƙarfinsa Mai Sawu shanun sata yake bi. Yakan duƙa ya kalli ƙasa ya ce ɓarawon yana ɗingishi, ko ya ce saniyar tana da ciki, a je a tarar haka ne. Yanzu gwiwa ta gaji, sai dai a kira shi in an kwance tayar mota ko akuya ta yi ɓatan dabo. Babban Tela wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, matarsa kuma a shagon take ɗinkin kayan mata. Tun da Mai Faci ya sauka a shagon, abincin dare ya daina yi wa Mai Sawu daɗi. Matar tana zuba masa abinci tana zuba masa labarin Mai Faci. Yau Mai Faci ya cike wata riga. Hannun Mai Faci sai wanda ya gani. Mai Faci ba ya ɗaga murya. Mai Sawu dai yakan ci gaba da tauna, amma kishi yake ji, irin wanda dattijo ke jin kunyar faɗa. Yau kuma ga ta ta yi gudun da rabon da ya ga ta yi shi tun ranar da ɗansu ya faɗo daga bishiya, duk saboda mutumin nan.

Ya ɗauki tsohuwar jaket ɗinsa ta daji, wadda ba ya fita aiki sai da ita, ya bi bayanta. A ransa addu'a ɗaya yake yi, mummuna: Allah ya sa shi ne.

*

"Wa ya kira ka?" in ji Babban Tela, tef ɗin awo rataye a wuyansa. "Ƙanena, nan ba daji ba ne. Ba saniya aka sata ba."

"Gaishe ka na zo yi, Yaya. Tunda na zo, bari in ga abin da kowa ke gani."

Shagon dogo ne, mai ƙanshin man keke da sabon yadi. Teburin yankan Babban Tela yana can ƙurya, ya fuskanci ƙofa, daga nan yana hangen kowa. Keken matar Mai Sawu a tsakiya, lungun Mai Guga a gefe, keken Mai Faci a bakin taga inda haske yake. Kwaɗon ƙofa lafiya lau, ba a taɓa shi ba. Mabuɗi uku ne, na Babban Tela, na Mai Guga da ke sammako ya hura gawayi, da na matar Mai Sawu da ke rufewa.

Mai Sawu ya durƙusa gaban keken Mai Faci, gwiwarsa ta yi ƙara. Bai san ɗinki ba, amma ya san ƙafar da ke jikin keken nan ba irin ta matarsa ba ce, mai faɗi da baki biyu. Wannan ɗan zobe ne kawai, da siririn sifirin, wato naɗaɗɗiyar waya, a bayansa, allura na bi ta tsakiya. Ya dubi kwat ɗin da kyau. Ɗinkin bai bi ko'ina ba sai inda ramukan asu suke, kuma zaren ya dace da ulun sosai. Mai ɓarna ba ya tsayawa zaɓen zare. Wanda ya zauna a nan gyara ya zo yi.

Ya cusa hannu ƙarƙashin kwat ɗin. Yatsarsa ta ji wasu ƙananan zane a cikin yadin, jere da juna, duk sun miƙe hanya ɗaya, kamar an ja mataji a kan yashi. Ɗinkin sama yana ta yawo hagu da dama, zanen ƙasa kuwa baya kawai suka nufa. Bai san me suke faɗa ba, sai ya ajiye su a ransa. A ƙasa kuma, gindin feda, guntayen zare ne masu ruwan toka birjik, gajeru, bakinsu a tsinke, ba yankan almakashi ba. Ya tsince su ya zuba a aljihu.

*

Mai Faci yana kan benci, hannuwa a tsakanin gwiwoyi. Da ya ga Mai Sawu sai ya miƙe ya gaishe shi da ladabi. Ladabin ma haushi ya ba Mai Sawu, haka farcensa masu tsabta.

"Yaushe ka bar shago jiya?"

"Bayan kowa, Malam. Ni da maiɗakinka muka fito, ta rufe."

"Ku biyu."

"E, mu biyu."

Mai Sawu ya haɗiye wannan da ƙyar. "Wannan ƙafa taka mai zobe, mene ne amfaninta?"

Fuskar mutumin ta ɗan saki, kamar an tambaye shi lafiyar ɗansa. "Ƙafar da aka saba danne yadi take yi, keke ya ja shi ya miƙe. Wannan kuwa tsalle take. Allura ta shiga, ta danne. Allura ta fito, ta ɗaga. A wannan ɗan tsakanin hannunka ke kai yadi duk inda ka so, gaba, baya, gefe, zagaye. Sai ka yi ta jera zare a kan ramin, ka gitta wani a kai, har ya koma yadi. Keke ba ya tuƙa ka, kai kake tuƙa shi."

"Ban tambaye ka wa'azi ba. Bayan kai, wa ke hawa keken nan?"

"Babu kowa."

Ya faɗa da sauri, idonsa kuma ya zame zuwa ƙofar shago, inda muryar matar Mai Sawu ke fitowa, sannan ya dawo da shi ƙasa. Mai Sawu ya sha ganin wannan kallo a wurin makiyayin da ya san inda shanu suka kwana.

"Ka san da la'asar za a kore ka?"

"Na sani."

"Kuma babu kowa."

"Babu kowa, Malam."

Mai Sawu ya tashi zuciyarsa na tafasa. Ƙarya mutumin yake yi, kuma ba don kansa ba. Wane irin namiji ne zai yarda a raba shi da abincinsa saboda matar wani?

*

Mai Guga yana lungunsa yana fifita gawayi, gumi na tsiyaya. In ana neman wanda ke jin zafin Mai Faci a fili, to ga shi nan. Shekara da shekaru yana roƙon a ba shi bakin taga ya riƙa samun iska, baƙo na zuwa aka miƙa masa.

"Kai ka buɗe shago, kai ka fara gani," in ji Mai Sawu. "Kuma kai ne za ka gaji taga."

"Haba Baba! Ni?" Ya ware hannuwansa, baƙi ƙirin da gawayi. "Da na taɓa kwat ɗin nan ai da ka ga yatsuna biyar a jiki. Kuma ka tambayi kowa, ranar da na gwada taka keke, baya ya riƙa juyawa, allura biyu na karya. Har yau Babban Tela bai daina yi mini gori ba."

Gaskiya ne. Babu ɗigon baƙi a kwat ɗin, kuma wanda ya yi wancan ɗinki ƙafarsa ta san feda.

Mai Guga ya waiga, ya rage murya, irin ragewar da ake ji har bakin titi. "Ni dai ba na son shiga abin da ba ruwana. Amma tunda kai ne. Kullum da rana in kowa ya fita cin abinci, Anti maiɗakinka ba ta fita. A kan keken can take zama, shi kuma yana tsaye a kanta, yana ce mata a hankali, a hankali. Har dariya suke yi. Ni ban ce komai ba fa."

"Ba ka ce ba," in ji Mai Sawu. Ya fita bai yi sallama da kowa ba.

*

Da rana ya sa matarsa ta biyo shi gida. Suna shiga ɗaki ya tura ƙofa.

"Ke kika yi."

"Na yi me?"

"Kina da mabuɗi. Kina hawa kekensa kullum a ɓoye. Kin gwada hannunki a kwat ɗin mutane kin ɓata, shi kuma gwarzon naki ya zauna a benci yana rufa miki asiri. Ki gaya mini, Maman yara, me ke tsakaninku har zai yarda a kore shi dominki?"

Ta tsaya tana kallonsa. Ya zaci kuka za ta yi ko faɗa. Sai ta kama hannunsa na dama, ta murɗo shi har gwiwar hannun ta fuskance shi.

"Ina yagar da ƙaya ta yi maka a nan?"

Ya duba. Jaket ɗin nan ta daɗe da yaga a gwiwar hannu, mai tsawon yatsa, har ya saba da iskar da ke shiga ta wurin. Yanzu babu. Ya kai ido kusa, ya shafa, sai da ƙyar ya gane inda zare ya maye yadi.

"Tun watan jiya kake yawo da ita a haka," in ji ta. "Mai Sawu guda! Kana ganin sawun kiyashi a kan dutse, amma ba ka ga abin da ke hannunka ba. Ina ta jira ka ce wa ya yi wannan, har na gaji."

Kunya ta rufe shi, amma kishi bai ba ta wuri duka ba. "To me ya sa a ɓoye?"

"Saboda Yaya. Ya ce a shagonsa ba a koyon faci, faci aikin wanda bai iya yanka ba ne. Ranar da ya ji ina koya, ni da mai koya mini duk za mu ji a jikinmu. Shi ya sa bawan Allahn ya ce babu kowa. Kuma saboda kai. In na ambaci sunansa sai ka ɓata rai kamar an ci maka bashi, ina zan ce maka ina zama a kekensa?"

Ya cire jaket ɗin don ya samu abin yi da hannunsa. Ya juya hannun rigar ciki waje, ya bi bayan gyaran da yatsa. Sumul. Ya sake shafawa, sai ya ɗago.

"Me ya sa nan babu zane? A bayan kwat ɗin akwai zane jere, kamar an ja mataji."

"Zane?" Ta zaro ido. "To ai haƙora ne! Ƙarƙashin allura akwai haƙoran keke, su ke jan yadi baya. In za ka yi ɗinkin zobe dole ka rufe su da wani ɗan marfin ƙarfe, in ba haka ba kana jan yadi gefe suna jansa baya, sai ya tattare ya yage. Abin da ya fara koya mini ke nan, tun kafin ya bar ni in taka feda. Ko cikin barci aka tashe shi ba zai manta marfin nan ba. Ni ma haka."

"Wanda ke kallo daga nesa fa, zai ga ana sa marfin?"

"Ina zai gani? Yadi na rufe shi. Ƙafar kawai zai gani tana tsalle."

Mai Sawu ya zaro guntayen zaren daga aljihu ya zuba mata a tafi. "Wannan nasa ne?"

Ta ɗauki ɗaya ta ja, ya tsinke ba gardama. Ta ja wani, shi ma haka. "A'a. Nasa sabo ne, mai ƙarfi. Wannan tsohon zaren auduga ne, ya mutu, an daina sayar da irinsa tun ina budurwa. Duk shagon ba mai irinsa sai cikin gwangwanin..."

Shi ma bai ƙarasa mata ba. Su biyun sun san gwangwanin, yana kan kanta a bayan teburin yanka, kuma ba mai taɓa shi sai mai shi.

*

Mai Sawu ya daɗe zaune a bakin gado. Da mahaifinsu ya rasu, Yaya ne ya riƙe shi. Da keken ɗinki ya ciyar da shi, takalminsa na farko shi ya saya masa, aurensa ma shi ya tsaya. Kuma abin da ake bukata daga gare shi yau ba wani abu ba ne, shiru ne kawai. Ya ce sawu ya ɓace, ai yakan ɓace. Da la'asar a ɗora keken Mai Faci a baro, taga ta koma hannun Mai Guga, abincin dare ya dawo da daɗinsa. Ya so hakan, wallahi ya so, har ya ji daɗinsa a baki.

"Baban yara," in ji ta daga bakin ƙofa, a hankali. "Ba zan ce ka yi ba, ba zan ce ka bari ba. Yayanka ne."

Ya maida hannun jaket ɗin daidai, ya sa ta. A duk shekarunsa na daji bai taɓa nuna gidan da sawu bai shiga ba, ko da mai gidan maƙiyinsa ne.

*

Da la'asar shago ya cika, na layi sun yi cincirindo a ƙofa. Malama ta zo da jakar littattafan 'yan makaranta a kafaɗa. Da ta ga kwat ɗin ba ta yi ihu ba, ta dafa tebur kawai, hawaye suka zubo. Babban Tela ya gyara murya zai yi magana.

"Yaya, a ba ni minti ɗaya," in ji Mai Sawu. "A shigo da mutumin can."

Aka shigo da Mai Faci. Mai Sawu ya juya wilin keken da hannu har allura ta fita, ya ɗaga kwat ɗin a hankali. Haƙoran keke suka bayyana tsirara, ulu mai ruwan toka ya cika tsakaninsu.

"Malam, haka kake ɗinkinka?"

Mai Faci ya leƙa, ya ja da baya kamar ya ga maciji. Ya jawo 'yar durowar keken, ya fito da wani ɗan marfin ƙarfe, ya ɗora a kan haƙoran, marfin ya zauna daram.

"Ba a yin wannan ɗinki sai an rufe haƙora," in ji Mai Sawu, yana juya kwat ɗin don kowa ya ga zanen. "Wanda ya iya ya san haka. Wanda aka koya wa ma ya sani." Bai kalli matarsa ba. "Wanda ya zauna a nan ya iya keke sarai, amma wannan aikin daga nesa ya gan shi. Ya ga ƙafa tana tsalle, bai ga abin da ke ƙasa ba, kuma ba zai iya tambaya ba."

"Mai Guga ke nan!" in ji wani daga ƙofa.

"Ni ko feda ban iya ba!" in ji Mai Guga, karo na farko da ya yi alfahari da hakan.

Mai Sawu ya buɗe wuyan kwat ɗin, ya ɗaga gefen shafin, inda ɗinkin asali yake, ƙanana, jere, ba wanda ya fi wani. Ya ɗora guntun zare ɗaya a kai. Launi ɗaya, kauri ɗaya, ba ka iya raba su.

"Bai zo ɓarna ba. Har zaren da aka ɗinka kwat ɗin da shi tun farko ya kawo. Sai dai zaren ya tsufa, yana ja yana tsinkewa." Ya juya ga wansa. "Yaya, wa ya ɗinka kwat ɗin nan?"

Babban Tela ya dubi ƙanensa, dogon kallo, irin wanda bai taɓa yi masa ba. Sannan ya zare tef ɗin daga wuya, ya naɗe shi a hannu, ya ajiye a tebur.

"Ni na ɗinka," in ji shi. "Mahaifinta ya tsaya a nan, nan inda kake tsaye, na auna shi. Kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka, sai da na kwance hannun nan na sake kafin ya zauna. Ban taɓa ɗinka abin da ya kai shi ba, kafinsa ko bayansa."

Malama ta share ido. "Baba, kai ne? Ai ban sani ba. Ina ƙarama lokacin."

"Kin shigo da shi a rungume. Tun daga ƙofa na gane shi. Har na miƙe." Ya nuna hanyar da ke tsakanin kekuna. "Kika gaishe ni, kika wuce, kika ba wancan."

"Me ya sa ba ka ce in ba ka ba?"

"In ce me? In ce ban iya ba, amma ki ba ni?" Ya yi wata dariya marar daɗi. "Da asuba na zo. Na ce abin da yaron nan ke yi da ɗan zobe, ni da na tsufa a kan keke ba zai gagare ni ba. Ina ja, keke yana ja. Da na ga ya yage, sai na tashi na rufe shago na koma gida."

"Ka bar shi a kekena," in ji Mai Faci. Bai ɗaga murya ba.

"Na bar shi a kekenka," in ji Babban Tela, idonsa a ƙasa.

Na ƙofa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, don kallon dattijo a wannan hali ba daɗi. Malama ta ɗauki kwat ɗin ta rungume, ta dubi wanda ya ɗinka, ta dubi wanda aka so a kora.

"Zai gyaru?"

Mai Faci ya karɓa, ya ɗaga yagar a hasken taga. "Zai gyaru, amma ba zai ɓace ba. Mai ido zai gani. Kuma sai an kwance shafin baya tukuna, ni kuwa tsoron kwance wannan ɗinki nake."

Babban Tela ya juya musu baya, ya shiga jera almakasai waɗanda dama a jere suke. Mai Sawu ya matsa kusa da shi.

"Yaya, zan tafi."

Babban Tela bai waigo ba. Tun suna yara, wannan ne karo na farko da ya ce zai tafi wansa bai ce a gaida gida ba.

*

Mai Sawu da matarsa suka kamo hanya, yana gaba tana biye. Ya ceci mutumin da ya fi ƙi a layin, ya bar shi a bakin taga kusa da matarsa, ya kuma tsiraita wanda ya rene shi a gaban jama'a. Ya laluba ransa ko kishin ya tafi, ya tarar da shi yana nan zaune inda ya bar shi.

Sun kusa gida ta matso, ta kama hannunsa na hagu, ta duba gwiwar.

"Wannan ma ta fara cinyewa. Kawo in cike ta tun ba ta yage ba."

Ya tsaya. "A keken wa?"

"Ka san ba mai ƙafar sai shi."

"Yana tsaye a kanki yana cewa a hankali, a hankali."

"Sai dai in ka iya, ka zo ka riƙa faɗa mini."

Ya kalle ta, ya kalli hanyar shagon, ya yi tsaki. Sannan ya cire jaket ɗin a nan tsakiyar titi, ya miƙa mata.